Ƙwaƙwalwa, Barci da Jarrabawar Ƙarshen Zangon Karatu

Duk wanda ya taɓa zama a harabar jami'a a ƙasar nan ya san yadda al'amura kan sauya da zarar an liƙa jadawalin jarrabawa a allon sanarwa. Azuzuwan da aka saba gani babu kowa bayan sallar isha'i sai su cika maƙil da ɗalibai har zuwa kiran assalatu, masu shayi su ƙaro burodi da madara, masu injin kwafe takardu kuwa su rasa lokacin cin abinci. Wani ɗalibin yakan zo da bargo da goro, wani da tocila saboda tsoron ɗaukewar wuta, wani ma har da bokitin ruwan sanyi da zai tsoma ƙafafunsa a ciki don kada barci ya sace shi. Ba wasa ne ya fito da su ba. A yawancin jami'o'in Nijeriya jarrabawar ƙarshen zango ita ke ɗauke da maki 60 ko 70 daga cikin 100 na kowane kwas, kuma wanda ya faɗi kwas na dole tilas ya sake ɗaukarsa, abin da kan iya jawo masa ƙarin shekara guda cur a makaranta, tare da kuɗin rajista da na masauki da iyaye za su sake fita nema.

To, abin tambaya shi ne ko wannan wahala tana biyan bukata. Binciken da masana ilmin halittu da na halayyar ɗan'adam suka yi cikin shekaru fiye da 130 ya nuna cewa ribarta kaɗan ce, domin ajiye ilmi a ƙwaƙwalwa aiki ne na jiki, kamar girman ƙashi ko warkewar rauni, wanda yake da lokacin da yake ɗauka, kuma wani babban sashe na aikin ba ya gudana sai mutum yana barci.

Yadda ƙwaƙwalwa ke ajiya

Nauyin ƙwaƙwalwar baligi bai wuce kilo 1.4 ba, amma tana ƙunshe da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Kowace ƙwaya tana da rassa, kuma tana aika saƙo zuwa ga 'yan'uwanta ta wasu 'yan ƙananan mahaɗai, inda ƙarshen reshen wannan yake fuskantar jikin waccan, ya fesa mata wani sinadari. Abin da ake kira koyo, a idon masanin halittu, shi ne sauyin ƙarfin waɗannan mahaɗai. Hanyar da saƙo ya bi sau da yawa takan ƙara faɗi, kamar yadda turba kan fito a cikin ciyawa idan ƙafa ta yawaita binta.

Wanda ya fi kowa fito da wannan batu fili shi ne Eric Kandel na Amurka, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a shekarar 2000. Ya yi aikinsa ne a kan wani nau'in dodon-koɗi na teku mai ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000 kacal, manya-manya, masu sauƙin nazari. Idan aka ɗana wa wannan dabba wutar lantarki sau ɗaya a wutsiya, takan riƙa firgita da ɗan taɓi kaɗan na tsawon wasu mintoci, daga nan ta manta. Idan kuwa aka ɗana mata sau huɗu ko biyar, ana ba da tazara a tsakani, sai firgitar ta kai kwanaki, in an ci gaba da horon na 'yan kwanaki ma ta kai makonni. Da aka duba ƙwayoyin sai aka ga bambancin. A tunawa ta ɗan lokaci, tsofaffin mahaɗai ne kawai suka ƙara yawan sinadarin da suke fesawa. A tunawa mai ɗorewa kuwa, sai da ƙwayar ta ƙera sababbin furotin, ta tsiro da sababbin mahaɗai. Da aka ba dabbar maganin da ke hana ƙera furotin, ta koyi abin kamar kullum, ta riƙe shi na ɗan lokaci, amma washegari babu komai. Ke nan ilmi mai zama gini ne da ake yi da kayan gini, kuma magini ba ya ɗora jeri a kan ɗanyen jeri.

A jikin ɗan'adam akwai wani ƙarin mataki. A shekarar 1953 wani likitan tiyata a Amurka, William Scoville, ya yi wa wani matashi ɗan shekara 27 mai suna Henry Molaison aiki domin rage masa farfaɗiya mai tsanani. Ya cire masa mafi yawan wani lanƙwasasshen sashe da ke can ciki ta gefen kunne, dama da hagu, wanda ake kira hifokamfas, tare da abin da ke kewaye da shi. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar har zuwa rasuwarsa a shekarar 2008 bai ƙara iya riƙe sabon labari ba. Yana tuna ƙuruciyarsa, yana hira da hankalinsa, yana iya riƙe lamba muddin yana maimaita ta a zuci, amma da an ɗauke masa hankali ta tafi. Brenda Milner, masaniyar da ta yi shekaru tana nazarinsa, sai ta sake gabatar da kanta duk ranar da ta zo. Daga wannan aka fahimci cewa hifokamfas tamkar masussuka ce, inda ake fara tara amfanin gona kafin a kwashe shi zuwa rumbu. Rumbun shi ne ɓawon ƙwaƙwalwa, kwasar kuwa ba ta yiwuwa a yini ɗaya.

Saurin mantuwa

Tun kafin a san ko ɗaya daga cikin waɗannan, wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya auna mantuwa a kan kansa, ya wallafa sakamakon a shekarar 1885. Ya riƙa haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, sannan bayan wani lokaci ya sake koyonsu, ya lissafa yawan wahalar da koyon farko ya rage masa. Bayan minti 20, abin da ya saura kashi 58 ne cikin 100. Bayan awa ɗaya ya koma 44, bayan kwana ɗaya kimanin 34, bayan kwana 31 kuma 21. Wato mafi yawan asarar a sa'o'in farko take faruwa, daga nan ta lafa. An sake wannan gwaji a birnin Amsterdam, aka buga a shekarar 2015, sakamakon kuma ya zo kusan daidai da nasa.

Ya kamata a lura cewa gaɓoɓin Ebbinghaus ba su da ma'ana, kuma abin da mutum ya fahimta yakan fi su daɗewa ƙwarai, saboda yana samun tsohon sani da zai maƙale a jikinsa. Sai dai ɗalibin da ya haddace matakan narkewar gulukos a cikin ƙwayar halitta ba tare da ya san dalilin ko ɗaya daga cikinsu ba, to bai yi nisa da Ebbinghaus da gaɓoɓinsa ba. Malaman da ke duba takardun jarrabawa sun san irin wannan amsa: takan fara tiryan-tiryan, kalma bayan kalma kamar yadda take a takardar da aka raba a aji, sai a tsakiya kalma ɗaya ta kuɓuce, sauran duka su bi ta.

Wani abin da Ebbinghaus ya gano ya fi wannan amfani ga ɗalibi. Ya ga cewa maimaici 38 da aka rarraba cikin kwana uku ya ba da sakamako daidai da maimaici 68 da aka yi a zama ɗaya. An yi ɗaruruwan gwaje-gwaje bayansa, a kan yara da manya, a kan kalmomi da lissafi da aikin hannu, kuma da wuya a sami wani sakamako a wannan fanni da ya kai wannan tabbata. Awa shida da aka kasa gida uku cikin mako guda sun fi awa shida da aka haɗiye a dare ɗaya.

Adalci ne a faɗi cewa karatun daren jarrabawa ba ya tashi a banza gaba ɗaya, shi ya sa ma ya ƙi mutuwa. Abin da aka cusa da ƙarfe uku na dare, wani abu daga cikinsa zai kai ƙarfe tara na safe, kuma yana iya tsallakar da mutum. Amma ɗalibin jami'a ba takarda ɗaya yake rubutawa ba. Yana da kwas takwas ko goma cikin mako biyu ko uku, kuma jikin da ya kwana a zaune ranar Litinin shi ne zai shiga ɗakin jarrabawa ranar Laraba. Bugu da ƙari, darasin aji biyu a kan na aji ɗaya ake ɗora shi. Wanda ya ci jarrabawa da ilmin da ya zube bayan mako guda, bashi ya ci, kuma a zango mai zuwa za a zo karɓa.

Gane abu daban, tuno shi daban

Akasarin ɗalibai idan sun ce suna bita, abin da suke nufi shi ne suna sake karanta abin da suka rubuta a aji, suna ja masa layi da jan biro. A karo na uku ko na huɗu shafin yakan zama sananne, ido yana gudu a kansa, zuciya ta ce ai an iya. Nan ne yaudarar take. Gane fuskar mutum a kasuwa abu ne mai sauƙi, kiran sunansa kuwa wani aiki ne daban. A ɗakin jarrabawa ba shafin za a nuna wa ɗalibi a ce ko ya taɓa ganinsa ba. Farar takarda za a ba shi, a ce ya fito da abin daga kansa.

A shekarar 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis sun ba ɗalibai gajerun rubuce-rubuce su karanta. Bayan haka wasu suka sake karantawa, wasu kuma aka karɓe takardar aka ce su rubuta duk abin da suka tuna, ba tare da an gyara musu ba. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu sake karatu ne a gaba, da kashi 81 cikin 100, su kuwa masu tunowa 75. Bayan mako ɗaya sai reshe ya juye da mujiya: masu tunowa suka riƙe kashi 56, masu sake karatu 42. A gwaji na biyu an tambayi ɗaliban yadda suke jin za su tuna, sai ga shi waɗanda suka fi maimaita karatu su ne suka fi amincewa da kansu, kuma su ne suka fi mantawa. Ƙoƙarin lalubo abu a ƙwaƙwalwa, da ɗan ciwon kan da ke tattare da shi, shi kansa yana ƙarfafa hanyar da za a bi a sake lalubo shi gobe.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya kawo hadda a gaban malam, da ka, ba tare da duba rubutu ba, gardi kuma yakan yi ta tilawar abin da ya wuce a kai a kai don kada ya zube. Hanya ce da ta haɗa tunowa da tazara, wato abubuwa biyun da ɗakunan bincike suka tabbatar daga baya. Abin mamaki, ɗalibin da ya taso a kan wannan tsari yakan zo jami'a ya yar da shi, ya koma ja wa takarda layi.

Aikin da ake yi cikin barci

A shekarar 1924 John Jenkins da Karl Dallenbach na Jami'ar Cornell sun sa ɗalibai biyu haddace jerin gaɓoɓi goma-goma, wani lokaci da safe su tafi harkokinsu, wani lokaci da dare su kwanta. Bayan awa takwas na barci suna tuna fiye da rabi, bayan awa takwas a farke kuwa da ƙyar suke tuna ɗaya. Masu binciken sun ɗauka cewa barci yana kare ilmi ne kawai daga hayaniyar yini. Sai daga baya aka gane cewa lamarin ya wuce nan.

Barcin dare yana tafiya ne zagaye-zagaye, kowane zagaye kimanin minti 90. A zagayen farko-farko barci mai nauyi ya fi yawa, wanda idan aka tashi mutum daga cikinsa sai ya ɗan jima bai san inda yake ba. Zuwa goshin asuba kuma barcin da idanu ke motsi a cikinsa, wanda aka fi yin mafarki a ciki, shi ke rinjaye. A shekarar 1994 Matthew Wilson da Bruce McNaughton na Jami'ar Arizona sun sanya siraran wayoyi a hifokamfas ɗin ɓeraye, suka ga cewa ƙwayoyin da suka yi aiki tare lokacin da ɓera yake yawon neman abinci, su ne suka sake yin aiki tare bayan ya shiga barci mai nauyi. Wato ƙwaƙwalwa tana tisa darasin yini da kanta. A shekarar 2007 masu bincike a birnin Lübeck na Jamus sun gwada wannan a kan mutane ta wata hanya mai ban sha'awa. Sun sa su koyon wuraren da wasu katuna suke alhali ana busa musu ƙamshin furen wardi, da dare kuma aka sake busa ƙamshin lokacin da suke cikin barci mai nauyi. Washegari sun fi tuna wuraren katunan a kan daren da ba a busa ba, kuma na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ta nuna ƙamshin yana tayar da hifokamfas cikin barci. Wannan ba dalili ba ne na ɗalibai su ruga kasuwa sayen turare. Abin da gwajin ya tabbatar shi ne cewa tisawar da ake yi cikin barci tana da hannu a kwashe ilmi daga masussuka zuwa rumbu.

Rashin barci yana cutarwa ta ɗaya gefen ma, wato kafin koyo. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Harvard, aka buga a shekarar 2007, ya hana wasu matasa barci na dare guda, sannan aka nuna musu hotuna suna cikin na'ura. Hifokamfas ɗinsu bai yi aiki kamar na waɗanda suka yi barci ba, kuma bayan kwana biyu, duk da sun rama barcinsu, sun tuna hotunan ƙasa da sauran. Saboda haka ɗalibin da yake karatu a dare na biyu ba tare da runtsawa ba, yana zuba ruwa ne a kwando.

Sai kuma safiyar jarrabawar kanta. Drew Dawson da Kathryn Reid na ƙasar Ostareliya sun ruwaito a shekarar 1997 cewa mutumin da ya yi awa 17 a farke, ƙwazonsa a gwajin haɗin ido da hannu yakan faɗi daidai da na wanda ke da barasa kashi 0.05 cikin 100 a jininsa, wanda shi ne iyakar da dokar ƙasashe da dama ta gindaya wa direba. A awa 24 kuwa ya kai na mai kashi 0.10. Ɗalibin da ya tashi da ƙarfe shida na safiyar jiya, ya kwana a aji, ya zauna jarrabawar ƙarfe tara, ya yi awa 27 a farke. Irinsa ne kan amsa tambaya huɗu alhali an ce biyar, ko ya karanta "bambanta" ya yi ta bayanin kamanni.

Akwai kuma wani sakamako da zai kwantar da hankalin masu fargaba. A shekarar 2019 an buga binciken da aka yi a cibiyar MIT ta Amurka, inda aka ba ɗalibai 100 na wani ajin kimiyyar sinadarai agogon Fitbit da ke auna barci tsawon zango guda, 88 daga cikinsu suka kammala. Yawan barci da ingancinsa da daidaiton lokacinsa sun yi bayanin kusan kashi 25 cikin 100 na bambancin makin ɗaliban. Amma barcin daren jarrabawa shi kaɗai bai nuna wata alaƙa da maki ba. Barcin mako da na watan da aka yi ana koyon darasin shi ne ya yi tasiri. Bincike ne na lura, ba ya yanke hukunci a kan sababi, amma ya dace da abin da aka gani a ɓeraye da mutane. Don haka wanda zullumi ya rage masa barci a daren ƙarshe, ya sami awa huɗu ko biyar kawai, kada ya ɗauka tasa ta ƙare. Bukatar baligi dai awa bakwai zuwa tara ce a dare.

Goro, gahawa da ƙwayoyi

Yayin da mutum yake a farke, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, yana zama a wasu gurabe a jikin ƙwayoyin jijiya, kuma yawansa shi ke kawo nauyin ido. Sinadarin kafeyin da ke cikin goro da shayi da Nescafé da lemukan ƙara kuzari yana kama da adenosin a siffa, sai ya riga shi zama a guraben. Gajiyar tana nan, saƙonta ne kawai aka tare a hanya, kuma da kafeyin ya janye sai ta auko gaba ɗaya. Jiki yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya kawar da rabin abin da aka sha. Wani gwaji da aka buga a Amurka a shekarar 2013 ya nuna cewa miligiram 400 da aka sha awa shida kafin kwanciya sun rage barci da fiye da awa ɗaya. Wannan adadi, kimanin kofi huɗu ko biyar na gahawa, shi ne kuma iyakar da hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce babu damuwa ga lafiyayyen baligi ya sha a yini guda. Kofi ɗaya da safe ko da hantsi ba laifi. Ƙwaryar goro da Nescafé cokali uku bayan isha'i kuwa sakamakonsu bugun zuciya ne da rawar hannu.

Ƙwayoyi sun fi wannan muni. Tramadol maganin ciwo ne dangin ofiyom, yana kama jiki, kuma yawansa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Wanda gahawa ta hana shi barci ya nemi Valium ya ƙara wa kansa matsala, domin wannan rukunin magani sananne ne wajen raunana ajiye sabon abu a ƙwaƙwalwa.

Game da abinci, ƙwaƙwalwa kashi 2 ce cikin 100 na nauyin jiki amma tana cin kusan kashi 20 na makamashinsa, kuma a kan gulukos ta dogara. Koko da ƙosai sun wadatar. Babu wani abinci ko magani da aka tabbatar yana buɗe kai a dare ɗaya.

Tsoro a ɗakin jarrabawa

Jiki ba ya bambanta mai sa ido a jarrabawa da kura. Tun a shekarar 1915 Walter Cannon ya bayyana yadda tsoro ke shirya dabba domin faɗa ko gudu. Wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda sukan saki adirenalin cikin daƙiƙoƙi, zuciya ta ƙara gudu, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe, ciki ya murɗa. Bayan minti 20 zuwa 30 sai wani sinadarin, kotizol, ya kai ƙololuwa a jini. Kaɗan daga wannan yana da amfani, shi ke tattara hankali wuri ɗaya. Yawansa ne ke kawo cikas, kuma an gano takamaiman inda cikas ɗin yake. A shekarar 2000 Dominique de Quervain da abokan aikinsa a birnin Zurich sun koya wa mutane jerin kalmomi, washegari suka ba su miligiram 25 na kotizon, wanda jiki ke mayarwa kotizol, awa ɗaya kafin gwaji. Tunowarsu ta ragu. Da aka ba da maganin kafin koyo ko jim kaɗan bayansa kuwa, ba a ga wannan illa ba. Ke nan ilmin yana nan a ajiye, ƙofar ce ta cije. Wannan ne ya sa ɗalibi kan ce karatu ya gudu, amma yana fita daga ɗakin, kafin ya kai bakin titi, amsar ta dawo masa.

Maganin farko numfashi ne a hankali, ana tsawaita fitar da iska fiye da shaƙa, domin hakan yana rage gudun zuciya. Na biyu shi ne fara amsa tambayar da aka fi sani, saboda tuno abu ɗaya yana janyo maƙwabtansa, kuma kafin a gama shafin farko jiki ya fara lafawa. Tsayawa a bakin ƙofa ana jefa wa juna tambayoyi minti goma kafin a shiga ba ya ƙara wa kowa sani, sai dai ya ƙara kotizol. Babban maganin kuwa tun a wajen shiri yake. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Tufts, aka buga a shekarar 2016, ya nuna cewa tashin hankali ya rage tunowar waɗanda suka shirya ta hanyar sake karatu, amma waɗanda suka shirya ta hanyar gwada kansu bai taɓa su ba.

Damuwar da ta ɗauki makonni tana taɓa garkuwar jiki ma. A Jami'ar Jihar Ohio an yi wa ɗalibai 11 masu koyon likitancin haƙori ɗan ƙaramin rauni a ganɗa, sau ɗaya lokacin hutu, sau ɗaya kwana uku kafin jarrabawa. Na lokacin jarrabawa ya ƙara kimanin kwana uku kafin ya warke, wato jinkirin kashi 40 cikin 100, kamar yadda aka ruwaito a shekarar 1998. A ƙasarmu akwai ƙarin haɗari da waɗancan ɗalibai ba su sani ba. Macen sauron Anofilis da dare take cizo, kuma ƙwayar cutar maleriya tana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin zazzaɓi ya bayyana. Wanda ya bar gidan sauronsa a ɗaki ya kwana a aji mako biyu kafin jarrabawa, ya yi wa zazzaɓi alƙawari ne a tsakiyarta. Idan hakan ta faru, asibitin makaranta ya kamata a nufa a yi gwaji, domin takardar likita ce hujjar ɗalibi idan ciwo ya hana shi zama wata takarda.

Wanda kwana goma suka rage masa

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma faɗa wa ɗalibi haka a makon ƙarshe ba zai amfane shi da komai ba. Kwana goma ma suna da tazara a cikinsu. Maimakon a ware wa kowane kwas yini guda a gama da shi, ya fi kyau a taɓa kwas biyu ko uku kowace rana, ta yadda kowanne zai samu ziyara aƙalla uku, da barci a tsakaninsu. A kowane zama, bayan an karanta sashe, sai a rufe littafi a rubuta ko a zana abin da aka tuna, sannan a buɗe a ga inda aka yi kure, domin kuren nan shi ne abin karantawa na gaba. Tambayoyin shekarun baya suna da amfani idan an zauna an amsa su da agogo a gefe, ba a tsaya ga haddace amsar da wani ya rubuta ba. Karatun rukuni yana biya idan kowa zai tashi ya yi wa sauran bayani da bakinsa, amma inda mutum ɗaya ke magana tara suna gyaɗa kai, shi kaɗai ne yake karatu. Wanda dare bai ishe shi ba, ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan azahar tana maido da hankali. Idan lokaci ya ƙure sosai, gara a zaɓi manyan batutuwa a iya su da kyau, a bar sauran, da a bi ta kan komai a guje.

Ba daidai ba ne kuma a ɗora wa ɗalibi laifin duka. An tsara zangon karatu a kan kimanin makonni 15 na koyarwa, amma bayan dogon yajin aikin malaman jami'a na shekarar 2020, da na wata takwas a shekarar 2022, jami'o'i da dama sun matse zangunansu domin cike giɓi. Akwai kuma malamin da ba a ganinsa sai saura mako uku, ya zo ya sauke darasin wata uku, ya yi gwajinsa ɗaya tilo a makon ƙarshe. Irin wannan malami shi ya tsara wa ɗalibansa kwanan aji. Maki 30 ko 40 da aka ware wa gwaje-gwajen cikin zango za su fi amfani idan aka kasa su zuwa 'yan gajerun tambayoyi na minti goma duk bayan mako biyu, kowane gwaji yana waiwayar abin da aka wuce. Haka nan kwamitin da ke tsara jadawali yana iya duba cewa kada ɗaliban aji ɗaya su rubuta manyan takardu biyu a rana guda, ko su fito daga ta yamma su wayi gari da ta ƙarfe takwas.